Takardar gudun wuce ƙa'ida a Birtaniya: tambayar da ba a ƙin amsawa

A Birtaniya ba kasafai ɗan sanda ke tare direba a bakin hanya don ya yi gudu ba. Kyamara ce ke ɗaukar lambar mota, direba ya wuce abinsa bai san an yi ba, sai bayan 'yan kwanaki ambulan ya faɗo ta kafar ƙofa ɗauke da tambarin 'yan sandan yankin. 'Yan uwanmu da ke zaune can, ɗalibai ne, ma'aikatan jinya da kula da tsofaffi ne, direbobin tasi da masu kai saƙo ne, da yawansu sun saba da tsarin da ake gama magana a wurin da aka tare mutum. A can babu wanda za ka roƙa, babu wanda za ka yi wa bayani. Takarda ce da kwanakin da aka ƙayyade, kuma kwanakin ba sa jiran kowa.

Laifin gudun kansa ƙaramin abu ne a idon dokar ƙasar. Mafi yawan waɗanda suka shiga babbar matsala ta wannan hanya, ba gudun ne ya jefa su ba, yadda suka yi da takardar ne.

Abin da ke cikin ambulan ɗin takardu biyu ne, ko da an buga su a shafi ɗaya. Ta farko, wadda ake kira NIP a taƙaice, sanarwa ce cewa hukuma na tunanin gurfanar da direban mota mai lamba kaza, saboda an gan ta a wuri kaza, ranar kaza, ƙarfe kaza, tana gudun kaza. Wannan ba ta neman komai daga gare ka. Ta biyun ita ce mai haƙora: buƙata ce a ƙarƙashin sashe na 172 na dokar zirga-zirgar hanya ta 1988, tana tambayar wa ke tuƙa motar a wannan lokaci. An ba ka kwana 28 ka amsa a rubuce, ka sa hannu.

Amsa wannan tambaya ba amsa laifi ba ne. Kana iya cewa ni ne ke tuƙi, daga baya kuma ka musanta cewa ka yi gudu. Amma ƙin amsawa laifi ne mai zaman kansa, kuma hukuncinsa ya fi na gudun nauyi: maki 6 a kan lasisi (makin hukunci ne, wanda ya tara 12 ana hana shi tuƙi), da tarar da za ta iya kai fam 1,000. Gudun da aka aiko takardar a kansa kuwa, sau da yawa maki 3 ne da fam 100. Kamfanonin inshora ma sun fi tsanar wannan tabo, mai lamba MS90, fiye da tabon gudu na yau da kullum, domin a ganinsu mai shi yana ɓoye wani abu ne.

Akwai waɗanda suka ce wannan ya saɓa wa 'yancin mutum na yin shiru kada ya ba da shaida a kan kansa, kuma hujjar tasu ba ta banza ba ce. Wasu direbobi biyu, O'Halloran da Francis, sun kai maganar har Kotun Kare Haƙƙin Bil'adama ta Turai da ke Strasbourg. A 2007 kotun ta yanke cewa duk wanda ya mallaki mota ko yake tuƙa ta ya yarda da wasu ƙa'idoji da ke tattare da ita, ciki har da faɗin wanda ke riƙe da sitiyari idan an tambaya. Tun daga nan wannan ƙofa ta rufe. Duk da haka har yau ana yaɗa wasiƙu a intanet da ake cewa idan ka aika su maimakon cike fom ɗin, ko ka mayar da shi ba sa hannu, za a ƙyale ka. A Ingila da Wales wannan hanya ce ta samun maki 6 kai tsaye.

To idan da gaske ba ka san wanda ke tuƙi ba fa? Dokar ta bar kafa ɗaya: ka nuna cewa ba ka sani ba, kuma ka yi iyakar ƙoƙarinka na ganowa bai yiwu ba. Nauyin tabbatar da hakan yana wuyanka, kuma alƙalan majistare sun sha jin labarin miji da mata da suka yi doguwar tafiya suna karɓa-karɓa. Za su tambaye ka ko ka nemi hoton kyamarar, ko ka duba wayarka, da rasit ɗin mai, da jadawalin aiki. Hotunan ma galibi ta baya ake ɗaukar su, don lambar mota ake nufi ba fuskar direba ba, kuma 'yan sanda ba dole ne su ba ka su a wannan mataki ba, ko da yake yawancinsu suna bayarwa idan ka ce don gane direba kake so. Neman hoto ba ya tsayar da kwana 28 ɗin nan.

Nan ne ya kamata a daɗe, domin nan ne zumunci ke jefa mutane cikin rami. Mutum yana da maki 9, sana'arsa tuƙi ce, matarsa kuma lasisinta fes. Ko kuwa akwai wani ɗan uwa da ya zo ziyara ya koma Kano ko Abuja, sai a ce a rubuta sunansa, wa zai je nemansa? A ido abin kamar taimakon juna ne. A doka kuwa an bar batun hanya gaba ɗaya, an shiga laifin karkatar da shari'a, wanda babbar kotu ke saurara, kuma hukuncinsa kusan kullum gidan yari ne, ga wanda ya miƙa makin da wanda ya karɓa.

Chris Huhne ministan makamashi ne a gwamnatin haɗin gwiwa ta David Cameron. A 2003, tun yana ɗan majalisar Turai, kyamara ta ɗauki motarsa a hanyar M11 yana dawowa daga filin jirgin sama na Stansted. Matarsa ta lokacin, masaniyar tattalin arziki Vicky Pryce, ta karɓi makin a madadinsa. Maganar ta kwanta shekaru, har auren ya mutu, sirrin ya fito a jarida. Ya ajiye muƙaminsa a 2012, a 2013 kuma aka ɗaure su wata 8 kowannensu. Fiona Onasanya, lauya kuma 'yar majalisar dokoki mai wakiltar Peterborough, an ɗauki motarta a 2017 tana gudun mil 41 a inda iyaka 30 ne. Aka mayar da fom da sunan wani baƙo wanda bincike ya nuna ba ya ma ƙasar a ranar. An ɗaure ta wata 3 a farkon 2019, sannan mutanen mazaɓarta suka sa hannu aka tsige ta, ita ce ta farko da aka cire daga majalisa ta wannan hanya. Huhne da Onasanya, da sun amsa gaskiya, ba su wuce 'yan maki da tara ba, ko hana tuƙi na 'yan watanni.

Game da ɗan uwan da ya koma gida kuwa, 'yan sanda sun san wannan dabara tun kafin mu sani. Idan aka ba su sunan wanda ke zaune a ƙetare, sukan nemi shaidar cewa mutumin ya shigo ƙasar, da shaidar cewa yana da inshorar tuƙa motarka. Idan babu inshora, to ka amsa wani laifin da bakinka, na barin a tuƙa motarka ba inshora, mai maki 6 zuwa 8. Idan kuma mutumin bai taɓa tuƙa ta ba, ka koma sahun su Huhne. Ga wanda zamansa a ƙasar ya rataya a kan biza, ɗaurin gidan yari ba nan ya tsaya ba.

Sai batun kwana 14, wanda kowa ya ji labarinsa kuma kaɗan ne suka fahimce shi. Dokar ta ce dole NIP ta isa ga wanda sunansa ke kan rajistar motar cikin kwana 14 da aikata laifin, in ba haka ba ba za a iya hukunta direba ba. Wannan gaskiya ne, kuma ya taɓa ceton David Beckham a 2018. An ɗauke shi yana gudun mil 59 a inda iyaka 40 ne a unguwar Paddington, cikin wata Bentley da kamfanin ya ba shi aro. Bai musanta gudun ba. Lauyansa Nick Freeman ya nuna cewa takardar ta isa kamfanin a makare da kwana ɗaya, kotu ta sallame shi. (Shekara ba ta cika ba aka hana shi tuƙi wata 6, wannan karon saboda waya a hannu.)

Amma a lura da abin da dokar ta ce. Takardar farko kaɗai ake ƙirgawa, wadda aka aika wa mai rajista a adireshin da ke hannun hukumar rajistar motoci da lasisin tuƙi, DVLA, da ke Swansea. Idan motar haya ce, ko ta kamfani, ko ta bashin da sunan kamfanin ke kan takardunta, takardar farko wurinsu ta je. Taka tana iya zuwa bayan wata biyu kuma tana nan da ƙarfinta. Idan ka sayi motar kwanan nan ba a gama sauya suna ba, ko ka tashi daga gida ba ka sabunta adireshi a takardar rajista ta V5C ba, makarar ba laifin 'yan sanda ba ce, kuma ba za ta cece ka ba. Idan ɗan sanda ya tare ka ya faɗa maka da baki a wurin, ba a buƙatar takarda. Ko da kuma ka tabbata ta makara, wajibin faɗin sunan direba yana nan daram. Ka amsa tukuna, ka ajiye ambulan ɗin da tambarin gidan waya, sannan ka ɗaga maganar makara.

Batun adireshin nan shi ne ya fi cin baƙi, musamman ɗalibai da sababbin zuwa masu yawan sauya gida. Mutane da yawa sukan sauya adireshin lasisi su manta da na V5C, alhali abubuwa biyu ne daban. Takarda ta tafi tsohon gida, tunatarwa ta bi ta, sammaci ya bi su, a yanke hukunci a bayan idonka. Ba za ka sani ba sai ka ga an fara cire kuɗi daga albashinka, ko ka je sabunta inshora a ce maka akwai MS90. Akwai gyara: rantsuwa ce ake yi a gaban kotu cewa ba ka san da shari'ar ba, cikin kwana 21 daga ranar da ka sani, sai a soke hukuncin a fara daga farko. A irin wannan yanayi, idan an haɗa maka tuhuma biyu, ta gudu da ta ƙin ba da suna, kuma kai ne ke tuƙi, masu gabatar da ƙara sukan yarda su janye ta biyun idan ka amsa ta farkon. Ba haƙƙinka ba ne, al'ada ce ta kotunan, kuma ana neman ta ne kafin a amsa kowace tuhuma.

Idan ka mayar da fom a kan lokaci da sunanka, hanya uku ce a gabanka, kuma yawan gudun ne ke zaɓa maka.

Mafi sauƙi shi ne kwas ɗin wayar da kai a kan gudu. Ƙa'idar da shugabannin 'yan sanda suka shimfiɗa ita ce a fara ɗaukar mataki daga kashi 10 cikin 100 na iyakar gudu da ƙarin mil 2, wato daga 35 a hanyar 30, ko 79 a hanyar 70. Wannan sassauci ne na aiki ba doka ba, domin a doka mil ɗaya a kan iyaka laifi ne. Ana tayin kwas har zuwa kashi 10 da ƙarin mil 9, wato 42 a hanyar 30, muddin ba ka yi irinsa ba cikin shekara 3 da suka wuce. Kuɗinsa kusan daidai da tarar ne, 'yan sa'o'i ne a aji ko ta intanet, babu jarrabawa, kuma babu maki. Wanda aka yi wa tayinsa ya ƙi, ban ga dabararsa ba. Suella Braverman ta shiga surutu a 2023 tana sakatariyar harkokin cikin gida, bayan da aka ruwaito ta nemi ma'aikatan gwamnati su shirya mata kwas ita kaɗai. Daga ƙarshe makin ta karɓa. Wannan tsarin na Ingila da Wales ne, Scotland nata daban ne.

Na biyu shi ne tayin tara ƙayyadajjiya: fam 100 da maki 3, ka biya cikin kwana 28, magana ta mutu ba kotu. Tarkon da ke cikinsa ƙarami ne amma yana kama mutane kullum. Biyan kuɗin kaɗai bai isa ba, sai ka aika bayanan lasisinka kamar yadda takardar ta nema. In ka biya ka manta da wannan, sai a mayar maka da kuɗinka a tura fayil ɗin kotu. Justin Welby, yana babban limamin cocin Ingila, an ɗauke shi yana mil 25 a hanyar 20 kusa da fadarsa ta Lambeth a 2022. Ofishinsa ya ce ya yi ta ƙoƙarin biya abin bai shiga ba. Ƙarshenta kotu ta ci shi tarar fam 300, da ƙarin 120, da kuɗin shari'a 90, jimla 510, ga maki 3 ɗin da dama zai samu.

Na uku kotu ce, ko don gudun ya yi yawa, ko don makinka za su cika, ko don kai ka zaɓa. 'Yan sanda suna da wata 6 daga ranar laifi su shigar da ƙara, saboda haka shirun wata uku ko huɗu ba ya nufin an manta da kai. Yawanci takarda ce za ta zo ta tsarin alƙali ɗaya, wanda majistare ke duba fayil a ofis ba tare da ka halarta ba, kuma kwana 21 gare ka ka amsa. Tarar kotu da albashi ake auna ta. A hanyar 30, daga 31 zuwa 40 kusan rabin abin da kake samu a mako ne da maki 3. Daga 41 zuwa 50 albashin mako guda da maki 4 zuwa 6 ko hana tuƙi na kwana 7 zuwa 28. Daga 51 zuwa sama albashin mako ɗaya da rabi da maki 6 ko hani na kwana 7 zuwa 56. A hanyar 70, matakin ƙarshen nan yana farawa daga 101. Tarar ba ta wuce fam 1,000, sai a manyan hanyoyin da lambarsu ke farawa da M, inda take kai 2,500. Amsa laifi da wuri yana rage kashi ɗaya cikin uku na tarar, amma ba ya rage maki. Wanda bai cike fom ɗin bayyana samunsa ba, kotu za ta ƙiyasta masa, kuma ƙiyasin zai iya fin abin da ɗalibi mai aikin 'yan sa'o'i ke samu.

Shin ya dace a yi jayayya? Wani lokaci. Idan ba motarka ba ce, domin akwai masu satar lambar mota su manna a tasu, hoto da shaidar inda motarka take sukan warware maganar tun kafin kotu. Idan alamomin iyakar gudu ba su cika ƙa'ida ba, ko takardar farko ta makara da gaske, hujja ce. Sai dai a sani cewa a Ingila hanyar da ke da fitilun titi a jere iyakarta 30 ce ko babu allo, a Wales kuma tun Satumba 2023 ta koma 20, saboda haka cewa ban ga alama ba ba ta kai mutum ko'ina. Ƙalubalantar kyamarar kanta kuwa shi ne ya fi tsada kuma ya fi wuyar nasara. Na'urorin suna da amincewar ma'aikatar cikin gida, kotu tana ɗauka suna aiki daidai sai ka kawo shaidar akasin haka, kuma idan ka sa aka kira ƙwararre ka faɗi, kuɗinsa a kanka zai dawo. Mutum ya gudu daga fam 100 ya faɗa cikin dubbai, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Kuskuren harafi a suna ko ƙaramin kuskuren rubutu ma ba ya rushe tuhuma muddin bai ruɗar da kai ba.

Akwai abin da ke tsakanin amsa laifi da musantawa: ka amsa, amma ka kawo dalili na musamman da ya shafi yadda abin ya faru, kamar gaggawar kai mara lafiya asibiti a halin rai kwakwai mutu kwakwai. Idan kotu ta gamsu tana iya ƙin sa maki. Makara zuwa aiki ko ɗauko yara daga makaranta ba ya cikin wannan.

Inda lauya ke cin kuɗinsa da halali shi ne idan maki sun kusa 12. Duk wanda ya tara 12 cikin shekara 3 za a hana shi tuƙi aƙalla wata 6, kuma ranakun aikata laifukan ake ƙirgawa, ba ranar hukunci ba, don haka jan ƙafa har tsofaffin maki su faɗi ba ya aiki. Mafita ɗaya ita ce ka gamsar da kotu cewa hanin zai jawo wahala ta fitar hankali. Rasa aiki kaɗai ba lallai ya isa ba, domin kotu ta san hani dama wahala ne. Abin da ya fi tasiri shi ne cutar da za ta faɗa kan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba: mahaifiya mara lafiya da kai kaɗai ke kai ta asibiti, ma'aikatan da za su rasa abin yi, gidan da za a ƙwace a bar yara a waje. Da rantsuwa ake faɗa, da takardu ake tabbatarwa, kuma ba a sake amfani da dalili ɗaya cikin shekara 3. Ko an yi nasara makin suna nan a kan lasisi.

Sabon direba kuwa iyakarsa 6 ce ba 12 ba. Dokar 1995 ta ce wanda ya tara maki 6 cikin shekara 2 da cin jarrabawar tuƙi, DVLA za ta soke lasisinsa, ya koma ɗan koyo, ya sake jarrabawar rubutu da ta hanya. Ba kotu ke yanke wannan ba, saboda haka babu wurin kukan wahala. Wannan ya shafi mutanenmu kai tsaye. Lasisin Najeriya wata 12 kaɗai yake aiki daga ranar da mutum ya zama mazauni, kuma ba a musanya shi da na Birtaniya, sai an zauna jarrabawa. Wanda ya shekara 20 yana tuƙi tsakanin Kaduna da Zariya, ranar da ya ci jarrabawa a Manchester sabon direba ne a wurin doka. Gudu biyu na maki 3 sun ishe shi, haka ma takarda ɗaya da ta ɓace a tsohon gida. Makin da aka samu kafin cin jarrabawar ma ba sa gogewa, domin DVLA tana buɗe fayil har ga mai lasisin ƙasar waje.

Maki suna aiki shekara 3, suna zama a fayil shekara 4, kamfanonin inshora kuma galibi shekara 5 suke tambaya. Direban tasi yana da ƙarin wajibi, domin yawancin ƙananan hukumomin da ke ba da izinin tasi suna so a sanar da su cikin 'yan kwanaki, kuma sun fi hukunta ɓoyewa fiye da makin. Mai shirin neman zama ɗan ƙasa shi ma fom ɗinsa yana tambayar irin waɗannan. Tara ƙayyadajjiya guda da aka biya ba ta cika hana komai ba, amma hukuncin kotu, ko na gudu ne, hukuncin laifi ne da dole a rubuta shi a fom ɗin.